Muhawarar zauren 'yan garka: yaɗiyar bakin Gulbi ta wa ce?

Mai Garka: Salamu alaikum 'yan uwa, raina a ɓace yake. Yaɗiyar da na shuka a gangaren garkata ta bakin Gulbin Maraɗi, yau na tarar an sassare ta har saiwa. Kun san wurin, rairayi ne, kowace damina ruwa sai ya ci wani abu. Ita ce ta shimfiɗu ta riƙe shi, da rani ma tana nan shar ba ban ruwa. Ni dai na ce ba abin da ya kai yaɗiya rufe ƙasa a garin nan, har ciyawar adon da masu kuɗi ke ƙarar da ruwan famfo a kanta.

Ɗan Tibiri: Allah ya huci zuciya, Alhaji. Amma "na shuka"? Tun da nake ban taɓa ganin mai shuka yaɗiya ba. Allah ke fiddo ta a daji da saura, ta kowa ce.

Mai Garka: Da hannuna na sa irin.

Ɗan Tibiri: Wane iri? A wace kasuwa ake auna shi?

Mushe: Tana da iri mana, ƙanena. Kwansonta in ya bushe tsagewa yake, 'ya'yan su fito da farin gashi iska ta ɗauke su, irin na tumfafiya, ai danginsu ɗaya. Inda ta kama, rassanta ke tare rairayi da ganyen da iska ta kwaso, har ƙananan itatuwa su samu wurin tsira a ƙarƙashinta. Kuma ko bai shuka ba fa? Sassaben zamani da aka faro a jihar nan cikin shekarun 1980, kututture manomi ke bari ya yi toho, yana gyara shi. Ko gawon da ya tashi da kansa a gonarka, za ka yarda wani ya sare don ba kai ka dasa ba?

Ɗan Tibiri: Gawo icce ne, Mushe. Wannan haki ce, abincin yunwa.

Maman Biyu: Abincin yunwa? Ka ji tsoron Allah! A tafasa ganyen, a zubar da ruwan ɗaci, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, a gidan wa ba a ci? A dambu ma muna sawa.

Ɗan Tibiri: Hajiya, a yunwar 2005 me mutanen ƙauye suka ci in ba ita da anza ba?

Maman Biyu: To abin da ya rufa maka asiri ranar wuya shi za ka rena? Kuma Alhaji, in mata kake zargi ka fito fili. Mu kan ganye muke tsinka, ba ma yawo da adda.

Mai Garka: Ni ban ambaci mata ba, Hajiya.

Ɗan Ruga: To saura mu ke nan. Kullum haka ne, abu ya ɓace a ce makiyayi. Ku je ku dubi burtali, mugun hakin nan garmani ya cinye shi, dabba ba ta samun abin kirki, gefe kuma manoma sun shigo da noma. Akuya da raƙumi su ci me da rani?

Ɗan Tibiri: Katsinawan Maraɗi ke nan, komai sai sun ce nasu ne, har Gulbin.

Mai Garka: Bagobiri zai koya mini garka? Ka taɓa ganin garkokin Jiratawa da idonka?

Ɗan Tibiri: Kakannina suka tsare muku garin.

Mushe: Jama'a, maganar zaizayar ƙasa fa muke.

Maman Biyu: Sai ya janye "abincin yunwa" tukuna.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi, zan taƙaita. An yarda yaɗiya abinci ce mai daraja, kuma Hajiya ta wanke mata sarai, maganar yunwa ba ta da wuri a zauren nan. Mu da muka tashi kwaɗonta na jiran mu bayan lakwal mun san ƙimarta. Batun burtali gaskiya ne amma ba ranarsa ba ce. Shuka kuwa, Mushe ya yi bayani mai kyau, sai dai ni ma a shekaruna ban ga wanda ya shuka ta ba, don haka Alhaji ya yi haƙuri, wanda ya ɗiba bai yi sata ba. Ya kewaye wurin da ƙaya kafin ruwa ya sauka. Na rufe zaure sai da safe.