Saɓanin Amurka da Turai: wa zai ci gaba da yi mana magana da Hausa?

Tambaya daga Fagge:
Jama'a, tun daga Maris na 2025, lokacin da gwamnatin Trump ta dakatar da Muryar Amurka, sashen Hausa da ke aiki tun 1979 ya yi shiru, sannan aka rufe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka. Shin Turai za ta cike wannan gurbi, ko kuwa ita ma ja da baya take yi?

Amsa daga wata malama a Gwale:
Malam, ba na ganin za ta iya. Matsin lambar da Amurka ta yi kan kuɗin tsaro ya sa ƙasashen NATO suka amince a 2025 su kai kuɗin tsaronsu kashi 5 cikin ɗari na tattalin arzikinsu, Birtaniya kuma ta sanar da rage tallafin ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasar domin ƙara wa soja. Idan kuɗi suka karkata ga makamai, ilimi da al'adu ne ke fara jin jiki, abin kuwa yana damuna ƙwarai saboda ɗalibanmu masu neman guraben karatu.

Amsa daga wani dattijo a Kurmi:
Hajiya, gaskiyarki, amma gurbin ba ya zama fanko. A teburin mai shayinmu har yanzu BBC da DW ake kamawa da safe, matasa kuma suna kallon TRT Afrika ta Turkiyya a waya, ga rediyon Sin ya daɗe yana Hausa.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. To, British Council da Alliance Française, cibiyoyin ilimi da al'adu na Birtaniya da Faransa, na nan Kano fa, yaya makomarsu?