Tsatsa a gindin jirgi: a shafe ko a kwance?

Baban Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Na sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska a nan Fotsmos ta Ingila, ƙirar 1976, jikinsa na faiba (roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi), ƙafa 26. Da kiren ya ɗaga shi jiya sai na ga siririyar tsaga a inda kil ya haɗu da jikin, ruwan tsatsa na zirarowa. Wanda ya sayar min ya ce in cusa gam in bi da fenti. Me kuka gani?

Ɗan Maradi: Wa alaikumus salam. Ku yi min uzuri, mene ne kil kuma?

Injiniya: Nauyin da ke rataye a ƙarƙashin jirgin ne, shi ke miƙar da shi idan iska ta kwantar da shi. Baban Ikram, kada ka taɓa fenti tukuna. Fara sanin wane iri ne da kai. Akwai wanda aka zuba daban, na ƙarfe ko na dalma, aka ɗaure da manyan kusoshi masu noti. Akwai wanda aka cusa nauyin a cikin faibar aka rufe, babu kusa ko ɗaya. Ɗora mayen ƙarfe ka gani: in ya kama, ƙarfe ne, dalma ba ta kamawa.

Baban Ikram: Ya kama ƙam, ranka ya daɗe. Na kuma ɗaga katakon ƙasa na ga notunan. Sitenles ne, sai ƙyalli suke yi.

Injiniya: Ƙyallin nan shi ke yaudarar mutane. Sitenles sai yana samun iska yake kare kansa. Inda kusar ta ratsa faiba, ruwan gishiri ya kwanta babu iska, nan take cinyewa, ta siranta a tsakiya alhali kanta lafiya lau. Ba ka gani sai ka zare. Ni dai shawarata, jirgin na zaune kan kil ɗinsa a tudu, a zare ɗaya a duba. In ta nuna alama, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma duba faibar da ke kewaye da notunan, in akwai tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, to wurin yana motsi.

Hajiya Maman Sadik: Shi ya sa maigidana ya nace wa jirgi samfurin Contessa 32. Dalma ce a rufe cikin faiba, ba ruwansa da noti. Irinsa ne kaɗai ya kammala tseren jiragen ruwa na Fastnet na 1979 a ajinsa.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya, amma rufaffen ma yana da nasa ciwon, musamman wanda aka cika da guntayen ƙarfe da siminti. In ya daki dutse ruwa ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan, sai faibar ta fashe daga ciki. Ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, inda ya yi ƙarar fanko a huda ƙaramin rami a ƙasa a ga abin da zai tsiyayo.

Ɗan Maradi: To wai kil ya taɓa cirewa gaba ɗaya?

Hajiya Maman Sadik: Jirgin Cheeki Rafiki fa, a watan Mayun 2014. Yana dawowa daga tsibirin Antigwa zuwa Sawtamton ta Ingila kil ɗinsa ya rabu da shi a tsakiyar Atlantika, ya kife, mutum huɗu ba a same su ba har yau. Baban Ikram, tambayi mutumin nan ko jirgin ya taɓa dukan ƙasa. Kuma ka kira mai duba lafiyar jirgi, ai 'yan inshora ma za su nemi takardarsa.

Baban Ikram: Ya ce sau ɗaya ne, wai a taɓo. Tsatsar jikin ƙarfen fa?

Injiniya: Wannan mai sauƙi ce. A goge har ƙarfe ya fito fari, a shafa ifoksi, wato gam mai hana ruwa shiga, a ranar, don kafin gari ya waye ya sake yin ja. Amma sai bayan kusar. Asabar ina nan tafe da dogon sifana, ka tanadi shayi.