Ɗana zai yi makonni a kwance, yaya zan yi da karatunsa a Texas?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin kan makarantun Amurka. A Houston muke, ɗana yana aji 7, kuma mai sikila ne. Ciwon ya taɓa masa ƙashin ƙugu, za a yi masa aiki ƙarshen watan nan, likita ya ce zai yi kamar sati shida bai taka ƙafar ba. Na je ofishin makarantarsu, matar da na tarar ta ce in riƙa zuwa duk Juma'a ina karɓar masa aikin gida. Shi ke nan fa. Ni lissafin nan nasu ba gane shi nake ba, babansa kuma aikin dare yake yi. Bara ma da ya yi ta kwanciya asibiti sai da suka aiko mana da wasiƙar fashin makaranta. Don Allah akwai abin da ya wuce wannan tarin takardun?

Malama a Dallas:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Akwai, 'yar'uwa, kuma haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. A Texas idan likita ya rubuta cewa yaro zai kasance a gida ko a gadon asibiti na aƙalla sati 4, hukumar makarantun gundumarku za ta iya sa shi a shirin karatun gida, ta turo malami har ɗakinsa, kyauta. Abin da zai fi yi miki amfani shi ne sati 4 ɗin ba lallai su zo a jere ba, don haka mai sikila da ke kwanciya yau ya tashi gobe yana iya shiga.

Kada ki sake tsayawa a teburin gaba. Ki rubuta wa shugaban makarantar imel ki ce kina neman fom ɗin karatun gida, ki kai wa likitan ya cike tun kafin ranar aiki. Daga nan za a zauna da ke, da malaminsa, da wani daga shugabannin makarantar a tsara abin. Sai dai ki sani, awa 4 ne a sati, su ake lissafawa a matsayin kwana 5 na zuwa makaranta. Ba su da yawa. Ni idan aka tura ni gidan yaro, lissafi da karatu nake kamawa, sauran in bar masa ya bi a kwamfuta. Kuma dole a samu babba a gidan duk lokacin da malamin ya zo, ku daidaita da barcin babansa.

Baban Ilham:
Amin. Hajiya, wasiƙar fashin nan ta bara ita ta fi tsaya mini a rai. Alama ce yaron ba shi da tsarin 504. Wannan sashe ne na dokar tarayya ta 1973, ya hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ta tauye yaro saboda lalura. 'Yata mai sikila ce ita ma. A takardarta an rubuta cewa za ta riƙe gorar ruwa a aji, ta fita bayan gida ba sai ta tsaya dogon bayani ba, ba za a fitar da ita wasanni cikin tsananin sanyi ko zafi ba, kuma a ƙara mata lokaci kan aikin da ya wuce ta tana asibiti. Tun da aka sa hannu hankalinmu ya kwanta. Idan ciwon ya taɓa fahimtarsa, wannan kuma maganar IEP ce, wato tsarin karatu na musamman da ake rubuta wa yaro, ƙarƙashin IDEA, dokar tarayya ta ilimin yara masu buƙata ta musamman. A Texas kwamitin iyaye da malamai da ake kira ARD ke zama a kai.

Inna Ladi:
Ni a New York nake, dokarmu daban. Tun 2023 ana ba 'yan firamare aƙalla awa 10 a sati, 'yan sakandare awa 15. Kowace jiha da nata, kada wani ya ɗauki na Texas ya tafi da shi. Ki kuma tambayi ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin, manyan asibitocin yara da yawa suna da malamansu da ke zagaya gadaje.

Abin da ya fi cin jikana da ya kwanta ba darasin ba ne, kaɗaici ne. Ranar da malamarsu ta kunna masa bidiyo ya ga 'yan ajinsu suna ɗaga masa hannu, ranar ya cinye abincinsa tas. Ki roƙi wannan ma, ko sau ɗaya a sati.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura imel ɗin yanzu, na haɗa da maganar 504. Malama, idan ranar da malamin zai zo ciwon ya tashi, awannin sun tafi ke nan ko ana ramawa?