Gwaji ya ce akwai, kwano ya ce babu: ina ƙarfen ya shiga?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin duwatsu, don abin nan ya ɗaure min kai.

Ni dillalin ma'adinai ne a nan Legas, bana shekara shida. Kaya na zuwa daga Filato, in haɗa da masu saye, su loda a Apapa. Yawanci yashin monazait ne, mai nauyin nan launin zuma da ake tsincewa daga ragowar wankin kuza. Wata biyu da suka wuce ƙanena ya kira ni jikinsa na rawa, wai sun gano uwar yashin a jikin wani tsauni, mu daina wahalar bin rafi. Ya sako min rabin buhu a motar tumatir da ke sauke kaya a Mile 12. Giranit ne, amma ba irin wanda ido ya saba da shi ba. Ja-ja ne kamar an shafa masa jar ƙasa, ga jijiyoyi kore-kore, wani wurin har da ɗigon shunayya, kuma in ka danna gefensa da babban yatsa sai ya marmashe.

Na kai gwaji, takarda ta nuna akwai ƙarafan da ake nema a cikin monazait, wato seriyom da lantanom da niyodimiyom, ba laifi. Na tura kuɗin daka da na lebura. Aka daka, aka wanke a kwano yadda ake wanke kuza. Wallahi abin da ya kwanta a gindin kwanon bai cika cokalin shayi ba. Masu gwajin ne suka cuce ni, ko yaran can ne suka yi min wayo?

Mai Auna Ƙasa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ni duwatsu na karanta, ko da yake yanzu gwajin ƙasar gini nake yi a wajen Lekki, inda sai ka haƙa har ka gaji ba ka ga dutse ba. A ganina babu wanda ya cuce ka. Takardar gaskiya ta faɗa, kwanon ma gaskiya ya faɗa.

Kalolin da ka lissafa su suka tona asirin. Giranit ɗin Jos da kewaye na cikin jerin da ake kira ƙananan giranit na Najeriya, waɗanda suka daskare tsakanin shekara miliyan 210 zuwa 140 da suka wuce. Yara ne in aka kwatanta da na Abeokuta da ake fasa mana tsakuwa, mai kusan shekara miliyan 600. Lokacin da narkakken dutse ke hucewa a ƙarƙashin ƙasa, abin da ke saura a ƙarshe ruwa ne mai tsananin zafi, digiri 300 zuwa 500, ga gishiri ga sinadarin fulorin ga iskar kabon. Wannan ruwan ke bin tsagogi yana dafa dutsen da ya haife shi. Jan da ka gani ƙurar tsatsa ce da ta shiga farin ma'adinin felsfa. Koren nan kulorait ne, wato baƙin ma'adinin maika da ruwan ya juya. Shunayyar kuwa fulorait ce, ita ce babbar shaidar cewa ruwa mai fulorin ya ratsa wurin.

Su seriyom da 'yan'uwansa, wato ƙarafa 17 da ake ce wa masu wuyar samu, a lafiyayyen giranit suna zaune ne cikin 'yan ƙwayoyi: monazait, zenotaim, alanait. Alanait ne mai raunin cikinsu. Ruwan na cinye shi, ya bar sababbin ma'adinai, basnasait ko sinkisait, a gurbinsa, wani ɓangaren kuma ya kwashe ya zuba a cikin siraran tsagogi. Monazait ya fi taurin kai, amma shi ma idan ruwan na ɗauke da kalsiyom sai ya fara cin sa daga baki-baki, ya naɗe shi da zoben afatait da efidot, har wani lokaci ɗan tsakiyar kawai zai rage. Wani lokacin kuma ya narkar da shi ya sake gina shi a wuri guda, ya bar shi da huji-huji kamar soso.

To ka ga, ƙarfen na nan cikin dutsen, shi ya sa na'ura ta gan shi. Amma ya bar manyan ƙwayoyi ya koma gari wanda ido ba ya gani. Ba wai ba shi da nauyi ba ne, basnasait kusan nauyinsa ɗaya da monazait. Ƙanƙanta ce ta yi yawa. Kwano kuwa da nauyin ƙwaya yake aiki. Da kuka daka kuka zuba ruwa, ya bi laka ya tafi.

Baba Na Bukuru:
Yaron nan ya yi karatu, Allah ya ƙara sani. Ni ban san waɗannan sunayen ba, amma na wanke kuza a Bukuru tun ina saurayi, kafin in dawo Idi-Araba wajen 'ya'ya. Mu ruɓaɓɓen dutse muke ce masa. Kuma Alhaji, ƙanenka ya manta abu guda: rafi ma'aikaci ne da ba a biyan sa. Shekara dubu nawa ya yi yana niƙa tsauni, yana zubar da marar nauyi, yana tara maka mai nauyi wuri ɗaya? Kai kuma ka zo da turmi da lebura huɗu za ka yi gasa da shi.

A zamaninmu wannan yashin shara ne. Kuza da kwalambait ake nema, saura a tara a bari, har wasu na ɗiba su yi shafen ɗaki. Daga baya aka ce mana yana fitar da tururi mai cutarwa. Don Allah kada ka ajiye buhunan inda yara ke kwana.

Mai Auna Ƙasa:
Gaskiyar Baba ce, toriyom ne a cikin monazait, shi ne ƙarfen da ke fitar da tururin. Masu daka ma su rufe hanci, ƙurar ta fi taɓawa illa.

Sani Mai Gyaran Waya:
Ni daga Computer Village nake karanta ku. Kullum ina cire ɗan maganaɗisun sifikar waya, an ce min niyodimiyom ne a ciki. Malam, ke nan duk dutsen da ruwan nan ya dafa ya tashi aiki?

Mai Auna Ƙasa:
A'a Malam Sani, wani wurin ma shi ne arzikin. A yankin Longnan na lardin Jiangxi a kudancin Sin, irin wannan dafuwar ce ta mayar da ƙarafan cikin sinkisait mai saurin lalacewa. Da ruwan sama ya ruɓar da giranit ɗin ya zama yumɓu, sai ƙarafan suka saki suka manne a jikin yumɓun. Su ba sa wankewa a kwano, jiƙa ƙasar suke yi da ruwan amoniyom salfet su tatso. Daga irin waɗannan ƙasashen yumɓu na kudancin Sin da Myanmar ake samun mafi yawan masu nauyi a cikin ƙarafan nan, irin su disfurosiyom. Amma aikin ya ɓata musu rafuka da gonaki ba kaɗan ba, kada wani ya ji ya tafi gwadawa a bayan gari.

Mu ma muna da wurin da ruwan nan ya yi alheri: jijiyar kuza da zinki ta Ririwai, a ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano, aikinsa ce.

Alhaji, in da sauran dutsen, kada a daka. A yanka siririn yanki a duba a madubin ƙara girma, a ga wane ma'adini ne ke riƙe da ƙarfen da kuma girman ƙwayarsa. Gwajin da ka yi yawan ƙarfe kaɗai ya faɗa maka.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Baba. Ashe na yi ta zargin yaron nan a banza, har kwana uku ban ɗaga wayarsa ba. Akwai guda biyu da suka rage, ɗaya ma da shi ake tokare ƙofar shago. Na sa an fitar da buhunan daga ɗaki tun ɗazu. Malam, in na kawo maka su Obalende ranar Asabar bayan la'asar, za ka samu fitowa?