Shekara huɗu cikina ya hana ni sakat, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar firamare ce, shekaruna 31, ina zaune a Rigasa, makarantarmu kuma tana wajajen Kawo. Shekara huɗu da suka wuce na yi wata muguwar gudawa da damina, har sai da aka ƙara min ruwa. Gudawar ta tsaya, amma tun daga nan cikina bai koma daidai ba. Da asuba yake fara murɗawa, kafin in fita aiki na zaga sau uku ko huɗu. Da yamma ya kumbura har zani ya matse ni, wasu ma suna yi min barka sun ɗauka juna biyu ne. Wani satin kuma sai ya ɗaure, in kwana uku ban zaga ba.

An yi min maganin taifod ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An ce olsa ce, na sha. Na sha na basir irin na masu lasifika a mota. A bara wani likita ya sa aka auna jinina da bayan gida, aka yi hoton ciki, bai ga komai ba. Ya ce sunan abin IBS, wato hanji mai saurin harzuƙa, ba ya kisa amma sai dai lallaɓawa.

Abin da ya fi ci min rai ba ciwon ba ne. Ba na karyawa saboda tsoron ya kama ni a cikin Keke. Na daina zuwa biki da suna. Sallah ɗaya sai in yi mata alwala uku. Maigidana ya yi haƙuri sosai, amma yanzu yakan ce tunda likita bai ga komai ba in cire abin a raina. Surukata kuma ta ce ko dai sammu ne ko tsirfar abinci. Da dare nakan zauna in yi ta kuka. Akwai mai irin wannan a cikinku? Ya kuke yi?

Maman biyu, Tudun Wada: Allah sarki, Allah ya yaye miki. Ni dai ina ga basir ne mai tsiro ta ciki. Ki daka tafarnuwa ki haɗa da zuma, ki riƙa sha safe da yamma.

Anti Nas, Unguwar Rimi: Maman biyu, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma don Allah kada ta sha. Tafarnuwa da zuma suna sahun gaba a abubuwan da ke tayar da wannan ciwon.

Ƙanwata, ki fara riƙe wannan: rashin ganin komai a gwaji ba ya nufin ƙarya kike. A wannan larura babu gyambo ko ƙari a jikin hanjin, shi ya sa hoto ba ya nunawa. Abin da ya rikice shi ne motsin hanjin da saƙon da ke kaiwa da komowa tsakaninsa da ƙwaƙwalwa. Iskar da wani ba zai ma ji ta ba, ke sai ta zame miki azaba. Yadda ya fara miki bayan gudawa kuwa sananne ne, yana faruwa ga wasu bayan ƙwayar cuta ta taɓa hanji. Ƙa'idar da likitoci suka sabunta a 2016 ta ce: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, wanda ke da alaƙa da aƙalla biyu cikin ukun nan: zagawa, sauyin yawanta, ko sauyin kamanninta, kuma ya fara wata shida ko fiye. Ya fi yawa a mata, kuma ba ya rikiɗewa ya zama daji.

Ki daina shan Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta duk sanda cikin ya motsa. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, mutane da yawa a garin nan suna shan maganinsa a banza. Amma in kin ga jini a bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, ko zazzaɓi, ko jininki ya yi ƙasa, ko gudawa na tashinki daga barci, ko akwai wanda ya taɓa yin dajin hanji a danginku, wannan ba na zaman gida ba ne. Ki koma asibiti, ki nemi a tura ki wajen likitan hanji, a asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.

Mai ɗinki, Badarawa: 'Yar uwa, kamar labarina kika rubuta. Ni shekarata tara da shi. Abin da ya fara taimaka min littafin makaranta ne na yara. Kullum in rubuta abin da na ci, ƙarfe nawa, yadda na yi barci, ko raina ya ɓaci, da yadda cikin ya yi. Cikin wata ɗaya na fara gane maƙiyana.

Daga baya wata mai ilimin abinci ta ɗora ni a kan tsarin da masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka fitar. Akwai wasu nau'in sukari a abinci da hanji ba ya tsotse su sosai, sai su jawo ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su ruɓar da su, iska ta taru. Suna cikin albasa, tafarnuwa, wake, alkama, madara, mangwaro, kankana, tuffa da zuma. Ki duba ki gani, karin kumallon yawancinmu ke nan: shayi da madara da burodi, ko ƙosai. Na ajiye su na sati huɗu. Na koma koko da kunun gyaɗa, tuwon shinkafa da na dawa, dankalin turawa, ƙwai, kifi, karas, gwanda da lemu. A miya nake zuba lawashi maimakon albasa, koren ganyen kawai, ƙamshin yana fita kuma ba ya tayar min.

Amma ki kula da nan, don a nan na so in yi kuskure. Ba a dawwama a kan ƙauracewar. Sati biyu zuwa shida ne, sannan ki riƙa dawo da abu ɗaya-ɗaya, ki ba shi kwana uku ki ga yadda za ku kwashe. Ni na gano alkama kaɗan ba ta damuna, kindirmo rabin kofi ma ina sha lafiya, amma wake da ɗanyar albasa a kan tsire har yau ba ma shiri. Naki zai iya bambanta da nawa. Kuma ki daina fita da yunwa. Wuni ba ci sannan a cika ciki da dare shi ke ƙara murɗawar.

Malamar Islamiyya, Kinkinau: Kan alwala, ki kwantar da hankalinki, addini bai ƙuntata miki ba. Ƙugin ciki da motsinsa ba sa karya alwala. Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai irin wannan kokwanton kada ya bar sallarsa sai ya ji sauti ko wari. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, in iskar tana kuɓuce miki rabin lokaci ko fiye, kin zama mai lalura, ba ta warware miki alwala. Ki zauna da malamin da kika yarda da shi ki faɗa masa yanayinki dalla-dalla, babu kunya a neman sani.

Hajiya Babba, Malali: 'Yata, ki ji ni. Maigidanki kalmar "ba komai" kawai ya riƙe daga bakin likita. Ran da za ki koma, ki roƙe shi ya raka ki, ki ce wa likitan ya yi masa bayani da kansa. Surukarki kuwa kada ki ja da ita. In ta kawo rubutu ko addu'a ki gode mata, in ta miƙo abincin da ba kya ci ki ce likita ne ya hana na ɗan lokaci. Sannan ki koma shiga mutane. Ki ci naki a gida, ki je ki yi Allah sanya alheri, ki zauna minti talatin ki taso. Zaman ɗaki ki kaɗai da tunani shi ke ƙara hura wutar.

Anti Nas, Unguwar Rimi: Hajiya ta taɓo wurin. Tsoro na tayar da hanji, hanji ya tayar da tsoro, haka suke ta zagaye. Shi ya sa in likita ya ba ki ɗan ƙaramin awo na amitriptyline, maganin da aka fi sani da na ciwon damuwa, ki sha da dare, kada ki ce ya mai da ke mai taɓin hankali, don rage zafin da jijiyoyin hanji ke ji ake bayarwa. Akwai Buscopan ko mebeverine na murɗawa, da loperamide mai tsayar da gudawa na ranar da kike da tafiya, amma duk ki bari shi ya tsara miki, tunda naki yana juyawa tsakanin gudawa da ɗaurewa. Kukan daren nan ma ki faɗa masa. Ganin mai ba da shawara kan damuwa yana cikin maganin wannan ciwon.

Mai ɗinki, Badarawa: Na manta: ki tashi da wuri ki ba cikin lokacinsa kafin ki fita. A jakata kullum akwai ƙaramar gorar ruwa, sabulu da ɗan kamfai na canji. Na san gidan ƙawata a hanya da zan iya tsayawa. In Abuja za ni, jirgin ƙasa nake hawa daga Rigasa saboda akwai banɗaki a ciki. Da wuya ma in buƙace su, sanin suna nan ne ke kwantar min da cikin.

Mai tambaya: Wallahi ina karantawa ina share hawaye, ban taɓa zaton akwai mai irin nawa a kusa ba. Allah ya saka muku da alheri. Na nuna wa maigidana abin da Anti Nas ta rubuta, ya yi shiru, daga baya ya ce zai raka ni ranar Talata. Littafin ma na saya. Anti mai ɗinki, saura tambaya ɗaya: ya kike yi da azumi? Me kike ci da sahur, kuma da me kike buɗe baki tunda ƙosai ya fita?