Rahoto bai fita ba an kawo buldoza, in sa hannu ko in ƙi?

Maryam: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle. Shekara uku na yi a gida bayan na gama karatu kafin wani malamina ya haɗa ni da kamfanin da nake yi wa aiki, shi ma sai da ya yi ta kira, kuma ni ce babba a gidanmu, kun san nauyin da ke kaina. Aikinmu rubuta rahoton tantance illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli kafin hukuma ta ba da izini. Wata bakwai muna auna ruwa muna ƙirga itatuwa a wata fadama da titi zai ratsa. Ranar da na koma ɗibar ruwan gwaji na ƙarshe, sai na tarar an kakkafa turaku masu jan fenti, ga buldoza biyu a gefe. Rahoto bai fita ba fa! Yanzu oga ya ce in gyara babi na biyar in sa hannu kafin Litinin.

Injiniya Bala: Ƙanwata, sa hannu ki huta. Tun asali rahoton nan ba shi ke yanke hukunci ba. A Amurka aka fara shi, Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar da ta wajabta yin sa ranar 1 ga Janairun 1970, kuma a 1989 kotun ƙolinsu ta fayyace cewa dokar ta tilasta wa hukuma sanin illar aiki ne, ba ta hana ta zaɓar abin da zai yi ɓarna ba. Sannan mai aikin ne ke biyan mai binciken. In baki ya ci, ai ido kan ji kunya.

Hauwa: Wane irin gyara ya ce ki yi? Sassauta lafazi ko sauya alƙaluma?

Malam Idi: Ni ma an taɓa gayyatar mu taron jin ra'ayin jama'a, ranar aiki da hantsi. Aka ajiye mana kundi uku, kowanne ya fi bulo kauri, aka zagaya da takardar rubuta suna, aka ɗauki hoto. Tambayata kan rijiyoyi har yau ba amsa.

Barista Zainab: Injiniya, ka faɗi rabi ka bar rabi. A Yunin 2024 kotun ƙolin Birtaniya ta soke izinin haƙar mai a yankin Surrey na Ingila saboda rahoton bai lissafa hayaƙin da ƙona man zai fitar ba. Bankin Duniya ma ya fita daga aikin madatsar ruwan Sardar Sarovar ta Indiya a 1993, bayan binciken kwamitin Morse mai zaman kansa da bankin ya naɗa ya tona yadda aka yi sakaci da muhalli da mutanen da za a tasa. Maryam, kada ki sa hannu kan abin da ba ki auna ba. Ki rubuta wa oga ƙorafinki, ki adana asalin sakamakon gwajin.

Injiniya Bala: Barista, to madatsar fa? An gina ta, Firaministan Indiya Modi ya ƙaddamar da ita a 2017. Shekara ashirin ina wannan harka, abin da rahoto ke iya yi bai wuce a matsar da hanya kaɗan ko a ƙara kwalbati ba. Ta nemi a ƙara kwalbatin, shi ne ribarta.

Maryam: Na gode, amma Barista ba ki san oga ba, mutumin kirki ne, shi ya tsaya mini lokacin da ba ni da lafiya. In na rubuta masa takarda kamar na kai ƙararsa ne. Kuma babin hanyoyin da za a iya bi maimakon fadamar ba ni kaɗai na rubuta ba.

Hauwa: Har yanzu ba ki faɗi gyaran ba.

Malam Idi: Akwai rijiyoyi kusa da fadamar?

Maryam: Akwai, guda shida. Bari in sake duba babin da daddare.