Uba ya rubuta ya ba ɗansa gida: ya fita daga gado?

Dillali: Ga misali. Mutum na da gida a Ƙofar Ƙaura, ya rubuta cewa ya ba babban ɗansa, mai unguwa da shaidu biyu suka sa hannu, ya ci gaba da zamansa a ciki har Allah Ya yi masa rasuwa. Ni dai na ce gidan nan ya fita daga gado. Dukiyarsa ce, ga kuma takarda.

Malam: Alhaji, takarda ba ta isa ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Gidan da uba ke zaune ciki sai ya kwashe kayansa ya fita, shaidu su gani da idonsu, ɗan ya karɓi makulli. In ya komo ciki kafin shekara ta zagayo, kyautar ta warware.

Dillali: Allah gafarta Malam, to a ɗauke ta wasiyya mana, ai yana da ikon yin wasiyya da sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa.

Malam: Sulusin na wanda ba magaji ba ne. Babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, kuma kowa rabonsa kaɗai zai iya yafewa. Waliyyin maraya ba shi da ikon yafe na maraya.

Barista: Ina bayan Malam. In aka je kotun Shari'a, abin da alƙali zai bi shi ne wa ke kwana a gidan, wa ke karɓar kuɗin haya, wa ke gyara. Akwai kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978: gida mai shaidar mallaka ta gwamnati ba a sauya masa mai shi sai da amincewar gwamna. Nan mutane ke sakaci, takardu na nan da sunan uba, ɗa yana riƙe da 'yar rubutacciya a aljihu.

Hajiya: To in gidan ya koma gado, ya lissafin yake? Mata ɗaya, maza biyu, 'yan mata uku.

Malam: Sai an fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya ingantacciya. A ce abin da ya rage naira miliyan 24. Matar tumuni gare ta, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3. Saura 21 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Wannan in mamacin bai bar iyaye ba.

Dillali: Amma da ya fita ya miƙa makulli yana da lafiyarsa, shi ke nan ko?

Barista: Kotu za ta tabbatar da ita in shaidun hauzi sun tsaya.

Hajiya: Kotu ta tabbatar, Barista, amma ina hadisin Nu'umanu ɗan Bashir? Manzon Allah (SAW) ƙin shaidar kyautar ya yi don ba a ba sauran 'ya'ya irinta ba. Galibi 'ya'ya mata ake yi wa wannan dabarar.

Malam: Haka ne Hajiya. Malamanmu sun karhanta mutum ya ba ɗa ɗaya dukiyarsa kaf, sashenta kuwa sun bari. In gidan ne kaɗai abin da ya mallaka, ni ba zan sa hannu a matsayin shaida ba.